Zakaru Ukun da Inna Ta Ware

Jiya a kantin abincin dabbobi na ji kukan 'yan tsaki, sai na kasa gaba. Inna ce ta faɗo mini a rai, yayar mahaifiyata, wadda ta yi shekara biyu a gidana a garin Fort Washington na Amurka kafin rasuwarta.

Zaman ɗaki ya ishe ta, ta matsa na sayo mata 'yan tsaki takwas. Mai kanti ya tabbatar mini duk mata ne, don a unguwarmu ba a yarda a ajiye zakara ba. Da suka yi wata guda, Inna ta zauna a bayan gida tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya da hannunta mai ƙanshin man kaɗe.

Ta ce, "Ɗana, ukun nan maza ne. Dubi kaurin ƙafarsu, ga zankonsu ya fara ja. Mai da su tun ban saba da su ba."

A gaban abokaina da suka zo ziyara na yi mata dariya, na ce, "Inna, nan Amurka ce fa, ba ƙauye ba." Ta sauke wanda ke hannunta.

Bayan wata uku, ukun da ta ware suka yi cara, maƙwabci ya kai ƙara. Ni na yanka su, har da wanda ke cin gero a tafin hannunta. Ta fige, ta dafa mana, ita ko romon ba ta taɓa ba.

Girman kai ya hana ni neman gafararta, har aka binne ta. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta yafe mini abin da na kasa roƙo.