Babban Yatsan Falalu Direba

Falalu direba bai taɓa ɓoye raininsa ga duk abin da ke tafiya kan taya biyu ba. A tsakiyar tashar Mafara yake faɗa, wai keke ba abin hawa ba ne, tafiyar ƙasa ce a zaune.

Mutumin Tsibiri ne. Da aka fara ginin dam na Bakolori, kamfanin Turawa ya ɗauke shi tuƙin tifa, yana jigilar duwatsu. Matarsa Lantana takan ce da tifar nan na shiga zaure, da a ɗaka za ta kwana.

Yana da ma'auninsa. In zai karya kwana ya hango mai keke tafe, sai ya miƙe hannu, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga babban yatsa. In yatsan ya rufe mutum da kekensa, to yana nesa, sai ya shige abinsa. Shekara da shekaru ma'aunin bai ba shi kunya ba, don mai keke da buhun gero kafin ya iso an yi alwala an gama.

Sai aka raba wa malaman gona babura. In an hango su ta gaba, babur da keke faɗinsu ɗaya, yatsa kuwa bai san gudu ba. Ƙanen Lantana, Hamidu, yana cikin waɗanda aka ba, ita kuma ta ga yadda abin ke cin hanya.

"Malam, abin ga ba keke ba ne fa."

"Ke Lantana, yatsan ga ya girmi babur."

Ran wata Talata da hantsi, a mararrabar Maradun, yatsa ya ce nesa. Falalu ya karya kan tifa, babur ya shige ƙarƙashinta, mai shi ya faɗa kwalbati da karyayyar cinya. Hamidu ne.

"Yaya Falalu, ba ka gan ni ba?"

"Na gan ka sarai. Ƙarami kake."

Aka kira Falalu gaban manaja, wani Bature. Direbobi suka yi masa huɗuba: ya ce birki ne ya ƙi, ya sha dakatarwar mako biyu, ya koma kan tifarsa. Falalu na son tifar, amma ba zai ɗora wa birki mai lafiya laifi ba. Da tafinta ya tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce bari ya gwada. Ya ja da baya har bakin ƙofa, ya rufe ido, ya saita yatsa a fuskar Baturen.

"Gaya mishi shi ma nesa yake."

A ranar aka karɓe makulli.

Ya koma Tsibiri ya kama fartanya. Ya yi jinyar Hamidu da hannunsa, ya ciyar da gidansa har ƙafa ta warke, amma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Har tsufa ya zaunar da shi, in ya shigo Mafara sai ya biya ofishin malaman gona, ya gaisa da kowa gaisuwa mai tsawo, sannan ya kawo roƙonsa: don Allah duk wanda zai hau babur ya sa babbar riga, kada ya naɗe hannuwanta, ya bar iska ta cika ta, ko direbobi sa san mutum ne tafe.