Kwalaben Kawu a Saman Soro

Shekaranjiya na buɗe firij na tarar da yankakken mangwaro da na manta a cikin roba. Ina ɗaga murfin sai wani tsami-tsami ya bugi hancina, irin na abin da ya fara juyawa. Na zubar, na wanke robar, amma tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai na fito, in na ɗauki waya sai na ajiye.

A kudancin Jidda aka haife ni, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Kakata ta wajen uwa ita ce babba a gidanmu. Tana yarinya ta zo aikin hajji da iyayenta, ba su koma ba. In ba ka taɓa yin bazara a garin nan ba, to ka sani zafinmu mai laima ne, riga tana manne maka tun kafin ka kai bakin titi. Don haka kullum da yamma kakata takan jiƙa dabino da zabibi, wani lokaci har da tsamiya, a cikin manyan kwalabe masu faɗin baki. Da safe ta tace, ta jefa ƙanƙara, kowa ya sha. Ba ta yarda jiƙon ya daɗe. Sai ta kara kunnenta a bakin kwalbar, in ta ji yana ƙaramar tafasa sai ta ce ya fara magana, a zubar. Mukan yi ta magiya saboda zaƙinsa, ita kuwa ko kallonmu ba ta yi.

Kawuna, ƙanin Ummata, shi ne autanta. A Jidda aka haife shi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu sai iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, aka yi ta neman wanda zai ɗauke shi ba a samu ba. Aure ya gagara, tuƙin da ya iya ya gagara. Ya koma dakon kwali a wani siton 'ya'yan itace a unguwar Khumra. In ya dawo yakan zo mana da waɗanda suka bugu a hanya, ruman na Ɗa'if, mangwaron Jizan, lemu mai tabo. Mutum ne mai wasa da yara, amma a shekarar nan wasan ya ragu. Bayan magariba muna jin takunsa a saman soro, daga wannan bango zuwa wancan, kamar mai jiran wani.

Wata rana ya roƙi kakata ta ara masa manyan kwalabenta, wai zai gwada haɗa ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake zubawa a abinci, ya riƙa sayarwa. Ta yi murna, ta ce gara hannu ya samu abin yi. Ya kai su ɗan ɗakin da ke gefen tankin ruwa a saman soro.

Ni ake aika shanya, don haka ni na fara ganinsu. Har yau ban ga abin da ya kai su kyau ba. Wadda ya zuba ruman ta yi ja kamar jan gyale, ta mangwaro ta yi ruwan zinariya, ga ɓawon lemu a nannaɗe yana yawo a cikin wata. Na sassauta murfi na shinshina, sai da hawaye suka zubo mini. Da na sauko na ce wa kakata khal ɗin Kawu warin abin da ake goga wa mutum kafin allura yake yi.

Ta ajiye wuƙar da take yanka kuɓewa. Kakata ta yi shekaru ba ta hau soro ba saboda gwiwa, amma ranar ta ce in ba ta kafaɗata. Muna hawa tana hutawa, tana kiran sunan Allah. Ta buɗe kwalba ɗaya ta rufe, ta zauna a kan bulo, ta ce nan za ta jira shi. Ummata ta yi ta lallashinta ta sauko saboda rana, ta ƙi.

Da ya dawo bayan la'asar bai yi musu ba. Ya ce farar barasa ce da wasu abokan aikinsa suke dafawa a ɓoye, shi aikinsa jiƙa 'ya'yan itace a ciki don su kashe kaifinta, sai a kai wa masu so a arewacin gari. Ya rantse bai taɓa kai ta bakinsa ba. Ya ce kuɗin samun sabon kafili yake nema, ya gaji da shiga lungu duk lokacin da ya hango motar 'yan sanda.

"Inna, ni ma mutum ne," in ji shi. "Har yaushe zan zauna haka?"

Ta ce, "Na san gajiyarka. Amma rabin mutanen gidan nan ba su da takarda. In aka shigo saboda kai, wa za a bari? Kuma da hannun da na koya maka alwala ka yi wannan."

Ta sa shi ya zubar da barasar da hannunsa. Wahalar ita ce kwatarmu cikin lungu take fita, maƙwabta za su ji. Sai Ummata ta riƙa bin kowane zubi da maganin wanke ƙasa da bokitin ruwa, ni ina leƙen ƙofa ko wani zai gifta. 'Ya'yan itacen aka ƙulle su a leda tare da kayan cikin kifi, aka kai shara can nesa.

Ba wanda ya kore shi. Shi ne ya kasa haɗa ido da kakata, ya kwashe kayansa ya koma ɗakin leburori a Khumra. Kafin azumi ya zagayo aka tare motar da ke kai su aiki, aka nemi takarda. Daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka sa shi a jirgi zuwa Nijeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba.

Daga nan yawon da kawu yake yi a saman soro ya koma kan kakata. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ƙofa. Takan tambayi Ummata ko da ta yi masa a hankali da yana gida ranar. Wani lokaci kuma ta ce ko an maimaita haka za ta yi. Ta rasu ba ta sake ganinsa ba.

Yanzu kawuna yana Kano, ya yi furfura, yana da mata da 'ya'ya, Hausarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Mu kuma muna unguwar Madain Fahd a gidan haya mai hawa, inda ban san maƙwabciyata ba sai a lif. Tsohuwar unguwarmu an rushe ta. 'Ya'yana lemun kwali suke sha, in na yi musu Hausa su amsa da Larabci.

Kwanakin baya kawu ya roƙe ni in je in nuna masa gidan ta waya. Na je na tarar da fili fetal, ko bulo ɗaya babu, na rasa gabas na rasa yamma. Shi ne daga Kano yake cewa in juya hagu, in matsa gaba, in ɗaga wayar ya ga hasumiyar da ke can nesa. Can ya ce in tsaya.

"Halas, shi ke nan, 'yata," ya ce. "Nan ne. Koma gida, rana ta yi zafi."

Ya kashe wayar. Ni kuwa ban tafi ba sai da aka kira sallah.