Kakar Madam a Kwalin Sigari

Shekarata ta farko a Lyon na yi haya wajen wata tsohuwa Bafaransa, ina ce mata Madam. Wata ranar Lahadi muna ɓarar wake a kicin ta ba ni labarin kakarta. Ƴar wasan dandamali ce a Paris, a zamanin da kamfanonin taba ke buga hotunan ƴan wasa a ƙananan katuna, su sa cikin kwalin sigari, maza suna tarawa suna musanya. Kati ɗaya ya rage a gidansu, mahaifinta ya jefa shi a murhu. Bai son a ce uwarsa ta yi yawo a aljihun maza.

"Ban taɓa ganin fuskarta ba," in ji ta.

Na ce, "Rubuta mini sunan da take wasa da shi. Zan samo ta."

Ta yi dariya, amma ta rubuta. Ni kuwa ƴar Maraɗi ce, a kasuwa na tashi, na san abin da aka buga da yawa ba ya ƙarewa.

Duk hutu nakan hau jirgin ƙasa zuwa wajen gwaggona a Montreuil, gefen Paris, kusa da kasuwar tsofaffin kaya. Nan nake tsugunawa gaban akwatunan masu sayar da katuna ina ɗagawa ɗaya-ɗaya. Mata da huluna masu gashin jimina, ƙugu a matse kamar za su tsinke. Gwaggo tana tsaye a kaina riƙe da ledar kifi.

"Karatun da aka turo ki ke nan? Kallon matan sigari?"

"Kakar mutum nake nema, Gwaggo."

Ta yi tsaki. Zuwa na gaba sai ga ta ta sa tabarau ta tsuguna kusa da ni. Ita ce ma ta ci karo da sunan, a wani kati mai cinyayyen gefe.

Da na koma Lyon na ajiye shi gaban Madam, na ce mata gwaggona ce ta samo shi. Ta daɗe tana dubawa.

"Gajera ce ashe," ta ce. "An ce mini doguwa ce."

Ta jingina katin da gwangwanin sukari, ta tambaye ni gwaggon nan tawa ko tana cin cuku. Da na ce tana ci, ta tashi neman abin da za ta naɗe mata shi.