Motar Litinin da Alhamis

A shekarar 1996 Hedimasta ya fara sanin Kunne, bayan ya sayi wata ƙaramar bas ta hannu, mai kujeru takwas, don ɗaukar iyalinsa. Ko mako ba ta yi ba ta soma tari, aka kwatanta masa wani gareji a bayan tasha. Can ya tarar da wani siririn bakanike da ba ya tambayar mai mota abin da ke damunta. Sai dai ya ce a tayar, ya ɗora bakin doguwar sukudireba a kan injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Daga nan laƙabin ya samo asali.

"Hedimasta, motarka lafiyarta lau," in ji shi. "Kai ne kake tuƙa ta kamar kana duba jarrabawa."

Shekara ashirin da biyu suka yi a haka. Yara suka girma suka watse, Hedimasta ya yi ritaya, fentin motar ya koɗe. Sannan ciwon ƙoda ya kama matarsa, Uwargida. Likita ya ce sai an yi mata wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis, asibitin kuma tafiyar awa biyu ne. Ba ta iya zaman motar haya, sai an kwantar da kujerar tsakiya an shimfiɗa mata katifa. Fashin rana ɗaya ya isa ya kumbura ƙafafunta, numfashi ya gagare ta. Ga shi an daina kawo kayan gyaran irin wannan mota tun tuni.

Shi ma Kunne tsufa ya taɓa shi, jinsa ya kusa ɗaukewa. Amma duk Lahadi da Laraba, da la'asar, yana ƙofar gidan. Da kunne ya ƙi, sai ya koma cizon ƙotar sukudirebar, yana sauraren injin ta haƙoransa.

"To, yanzu Haƙori za mu riƙa kiranka ke nan?" Uwargida ta ce masa ta taga.

"Na'am, Yaya? Wa ya rasu?"

Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Lagireto ya fashe, washegari ya kawo wani. Famfon mai ya mutu, ya kawo. Har giyar mota sukutum ya taɓa zuwa da ita a baro. Duk sanda Hedimasta ya tambayi inda ya samo, sai ya ce, "Wajen wani ne, ba ya bukata." Shi ma Kunne yana da irin wannan bas da yake dakon kaya da ita, amma sai aka soma ganinsa a kan keke. Ya ce likita ne ya ce ya motsa jini.

Wata goma sha tara cif, motar ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Uwargida ta cika wata Asabar da hantsi, a kan gadonta.

Bayan mako biyu Hedimasta ya tafi gidan Kunne yin godiya. Da shigarsa ya tsaya cak. Ga bas ɗin Kunne ɗore a kan duwatsu, ba taya, cikin injin wayam, kaji na kwance a mazaunin direba.

"Ya hana ni faɗa," in ji matar Kunne, tana gyara mayafi. "Ka tuna shekarar da ka tafi kwas? A lokacin autarmu ta rasu a asibiti, direbobi duk suka ƙi ɗaukar gawa. Yaya ce ta zo da makullin motarku ta miƙa masa. Shi ya tuƙa, ita kuma ta zauna a baya tana riƙe da yarinyar har gida, don ni na kasa. Ba ta gaya maka ba?"

Ba ta taɓa gaya masa ba.

Ana haka Kunne ya shigo yana tura keke. Hedimasta ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ɗaga murya yana godiya. Kunne ya kalli bakinsa, ya girgiza kai alamar bai ji ba.

"Birkin bayan motar nan taka bai kwanta mini ba," in ji shi. "Ka kawo ta in duba."