Haƙora Biyu Suka Kai Ni Zariya

Talata

Ƙarfe biyar da kwata na asuba maigida ya kai ni tashar Pambeguwa a kan babur. Shekara uku ke nan da na faɗo daga acaɓa na rasa haƙoran gaba biyu na sama. Na saba da giɓin, har ranar da na ji 'yan aji ɗaya da nake koyarwa suna karanta "sa, si, su" da irin iskar da ke kufce mini. Ranar na ce sai Zariya.

Motar ta cika ƙarfe shida, naira ɗari uku kowa. Shingen 'yan sanda uku muka wuce, taya ta yi faci sau ɗaya, tara saura muka shiga Sabon Gari. Ƙanena Bulus, wanda ke aikin lambu a jami'a, yana jirana a unguwar PZ. Ya hau da ni wani bene inda likitan haƙori yake.

Likitan ya leƙa bakina ya ce, "Mama, gada za mu yi miki."

"Gada kuma? A baki?"

Ya yi dariya ya zana mini a takarda. Za a kankare haƙoran da ke gefen giɓin, dama da hagu, a ɗora musu sababbi huɗu a haɗe. Sati biyu an gama.

"Amma waɗannan lafiyarsu ƙalau," na ce.

"Shi ya sa za su iya ɗaukar nauyin."

Na fita kaina yana juyawa. Masu lafiya kuma su za a taɓa?

Ƙarfe ɗaya muka hau bas zuwa gidan Bulus a Samaru. Matar Bulus ta tarbe ni da dafaffiyar masara, ta tuna, ta ɗauke da sauri tana ba ni haƙuri. Tuwo na ci.

Laraba

Bulus ya ce mu ji ta bakin wata likita da suke coci ɗaya. Ƙarfe takwas muna ofishinta. Ita kuma cewa ta yi kada in yarda a taɓa masu lafiya. Akwai dashe: a kafa ƙaramar ƙusar ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata huɗu ko fiye ta kama, sannan a ɗora haƙori.

"Ƙusa, likita? Ba za ta yi tsatsa ba?"

"Ba irin ta kafinta ba ce, Malama. Sai dai ba ma yi a nan, sai Abuja. Kuma bayan shekara uku ƙashin kan janye. Sai hoto ya nuna."

Da ta faɗi kuɗin, Bulus ya sunkuyar da kai. Na tambaye ta wanne za ta zaɓa in ita ce. Ta ce kowanne da nasa amfanin. Na ƙara rikicewa.

A bas ɗin komawa Sabon Gari na ce gada zan yi. Kafin Kwangila na koma dashe. Muna sauka PZ na sake komawa gada.

Sha biyu da rabi na kwanta a kujerar likitan farko. Ya kunna injin, ƙarar ta shiga har ƙeyata. Harshena ya taɓa haƙorin dama, wanda bai taɓa yi mini ciwo ba tun ina yarinya. Na ɗaga hannu.

"Mama, ai ban fara ba."

"Na sani, ɗana. Kashe."

Bai ji haushi ba. Shi ya rubuta mini takardar hoton ƙashi, ya ce in dawo bayan sati biyu, duk abin da hoton ya nuna mu zauna mu duba.

Alhamis

Da safe aka ɗauki hoton, sha ɗaya na kama mota, biyu da kwata ina gida. Maigida ya fito yana leƙen bakina.

"Ina haƙoran?"

Na miƙa masa baƙin hoton. Ya ɗaga shi sama a juye, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "To, ai ga su nan da yawa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bulus da iyalinsa. Saura kwana goma sha uku in koma, kuma har yanzu ban san abin da zan ce wa likita ba.