Uwar Kurege a Gaban Janar

Wutar Kaka a Tungan Maje ta gasa masara ce, amma mu tatsuniya ke kai mu bakinta bayan magariba. Ta yi shekaru tana sayar da tuwo a bariki, ta san soja ciki da waje. Akwai tatsuniya guda da ba ta taɓa yin ta da fara'a ba.

"Ga ta nan, ku matso," in ji ta, tana fifita gawayi kamar shi ya yi mata laifi.

Wai dabbobi suka kafa runduna. Zaki janar, kura kanar, dila saje, bushiya kofur, kurege kurtu. Ƙaya ta soki kurege, ƙafa ta kumbura. Doka ta hana tsallake na gaba, sai ya gaya wa bushiya. Bushiya ta ce wa dila kurege yana ɗingishi. Dila ya ce wa kura gajiya ce. Kura ta sara wa zaki: "Oga, kowa lafiya lau."

Uwar kurege ta ga ƙafar na ruɓewa, ta tafi gun zaki kai tsaye. Zaki ya daka wa kura tsawa, kura ta ciji dila, dila ya shuri bushiya, bushiya ta mirgina a kan kurege.

Muka fashe da dariya. Kaka ta harare mu. "Me ya ba ku dariya? Kuka in zai hau sama ramewa yake yi, duka in zai sauko ƙiba yake yi."

Na girma da maganar, amma ba ta hana ni ba. Bara ƙanena Lado, kurtu ne, ya dawo daga daji da rauni a gwiwa. Ya gaya wa kofur, ya jira. Ciwon ya fara wari. Na tare motar kwamandansu a ƙofar bariki, na durƙusa, na faɗi komai. Ya ce, "Hajiya, za a duba."

Suka duba kuwa. Suka kulle Lado a gadirum, wai ya turo farar hula ta tsallake manyansa. Kafin a fito da shi ƙafar ta gama lalacewa, aka yanke ta.

Har yau raina tafasa yake. Na san runduna ba ta tafiya sai da tsari, amma wane irin tsari ne kukan na ƙasa ba ya isa sama? Da na yi shiru, ƙafar ruɓewa za ta yi. Na yi magana, ga abin da ya biyo baya.

Ranar da na je asibiti, Lado bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, don Allah kar ki sake taimakona."