Kawu Tanko da Bangon Dam

Duk wanda ya taɓa fita gona da sassafe a garin nan ya san Kawu Tanko a kan bangon dam, takalmansa ɗaure da igiya suna reto a wuya, yana tafiya ƙafa a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. Ya taka nan, ya tsaya, ya danna dunduniya, ya matsa gaba. Kuka ce rowa ce, wai tausayin takalmin yake ji. Ba zan yi musu ba, takalmin nan ya girmi ɗana na fari. Amma in ka tambaye shi sai ya ce, "Takalmi ba ya jin laima. Ƙasa ce fa, ba siminti ba." A aljihunsa kuma kullum da kofin gilashi. Duk inda ya ga ruwa na tsattsafowa a gindin bangon sai ya tara, ya ɗaga wa rana. In garau ne ya shanye abinsa. In da laka, ranar ba mai sakat a garin nan, don a cewarsa ruwa ya fara cin bangon ta ciki ke nan.

Sakataren ƙungiyar gari ya ce in rubuto abin dariya a kansa a guruf ɗinmu na waya, tunda ni ce 'yar ƙanwarsa, kuma a gidana ya yi zamansa na ƙarshe. To ga shi, ku yi dariyarku. Amma ku sani raina a ɓace yake. Gidana ne na farko a ƙasan dam ɗin nan, yarana huɗu a ciki suke kwana, kuma Kawu ko kwana arba'in bai yi da rasuwa ba kun sake jibge buhunan yashi a mafitar ruwa. Da idona na gani ranar Talata.

Ga 'yan baya da ba su sani ba: bayan ambaliyar da ta share unguwar ƙasa ina yarinya aka tara ƙasa aka yi dam ɗin, don ya riƙe ruwan rafi in ya taso. Kawu lebura ne a cikin waɗanda suka daddale ƙasar. Da 'yan kwangila suka kwashe kayansu ba su bar mai gadi ba, sai ya naɗa kansa. Ku kuma kuka sa masa Injiniya don tsiya, shi ko ya amsa da gaske.

Kun tuna shekarar da kansila ya zo bikin dashen itatuwa? Aka kafa rumfa, aka yi jawabi, aka dasa ƙananan itatuwan mangwaro goma sha biyu a kan bangon dam, aka tafa. Kawu na gefe yana ta faman cewa saiwa za ta huda bangon, in itacen ya mutu ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Wani ya miƙa masa lemo don ya yi shiru. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya ci gaba da magana.

Washegari kansila ya fito zai fitar da mota a gidansa na cikin Keffi, ya tarar da mangwaronsa a jere a bakin get, an dasa, an yi musu kewaye, har an ba su ruwa. Kawu na zaune a gefe da fartanya.

"Baba, mene ne haka?"

"Ranka ya daɗe, ka ce don jama'a su sha inuwa ka dasa. Na duba, ba mai zama a kan dam. Jama'a a ƙofar gidanka suke wuni."

Ranar Kawu ya yini a ofishin 'yan sanda. Ni na je belinsa, na same shi yana zana wa kofur yadda saiwa ke tafiya a ƙasa, da tsinke.

Sai rigimarsa da Ardo Bello. Shanun Ardo sun saba yanke hanya ta kan bangon zuwa mashaya, kofatonsu na zaizaye ƙasar. Kawu ya yi magana sau uku ba a ji ba, ran nan sai ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar hanyar ya kwanta ya miƙe ƙafa. Garke ya zo ya tsaya cak.

Ardo ya ce, "Tanko, tashi. Saniya ba ta san dam ba."

"Shi ya sa ban yi da ita ba. Kai nake jira."

"Za su taka ka fa."

"Su taka. Ni in na fashe mutum ɗaya ne."

Ardo ya juya da shanunsa yana zagi da Fulatanci. Kawu kuwa ya yi rantsuwa ba zai ƙara sayen nonon rugar Ardo ba, kuma bai ƙara ba. Ni yake aika, in sayo, in juye a kwanon gidana, sannan ya sha yana cewa nonon gidan Hajo ya fi na Ardo nesa ba kusa ba. Amma ku ji, daga baya Ardo da kansa ya buɗe wa shanunsa sabuwar mashaya ta sama. Bafulatani ya ji maganar Kawu, ku da kuke kwana a ƙarƙashin ruwan ba ku ji ba.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai. Mafitar ruwa, kwarin nan da aka yanke a gefen dam don in ya cika rarar ta bi ta can, ita masu lambu suka ga tana yi musu asara. Suka ce a toshe ta da buhunan yashi, ruwa ya ƙara taruwa, rani ya yi tsawo, tumatir ya samu. Har da mijina a ciki, ba zan ɓoye ba, Baban Sadiya ya san na faɗa masa abin da ya fi wannan a gida. Kawu ya ce in kun hana ruwa ƙofa zai hau ta kan bango, kuma ƙasa ce fa. Kuka jera buhu, ya bi da wuƙa yana farkewa. Kuka sake, ya sake. Wani a cikinku ya hankaɗe shi ya faɗi a kan dutse, tsoho mai furfura. Na san ko wane ne, shi ma ya san na sani.

Daga nan kuka yanke cewa aljanin ruwa ne ya shafe shi. Kuka ɗauko malami daga hanyar Nasarawa ya yi masa ruƙiyya a zaurena. Kawu ya zauna lafiya lau, ya tanƙwashe ƙafa, ana karatu yana cewa amin. Da aka gama ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Aljanin ya ce kafin ya fita ka zo ka ga gidansa."

Ya ja malam har gindin bangon, ya tara kofi, ya nuna masa lakar, ya nuna masa inda ruwa ya kai, ya juya shi ya nuna masa rufin gidajenmu a ƙasa. Malam ya nuna da yatsa ya ce, "Wancan gidan mai jan kwano na wane ne?" Aka ce na surukinsa ne, inda 'yarsa ke aure. Kafin la'asar malam ya zo da a-kori-kura ya kwashe 'yarsa da jikokinsa, ya ce su zo su yi masa damina.

A daminar nan aka yi ruwan da kowa ya sani. Rara ta bi ta mafitar da Kawu ya farke, ta kwashe lambuna uku, bango bai motsa ba. Wa ya zo ya ce masa sannu? Cewa kuka yi ya jawo muku asarar tumatir.

Bana ciwo ya kama shi a tsakiyar damina, ƙafafu suka kumbura, numfashi sama-sama. Ɗansa Sani ya zo da mota daga Abuja zai kai shi asibiti a Keffi, ya ce ba inda za shi sai ruwa ya ɗauke. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce, "Kawu, dam ɗin nan uwarka ce ko ubanka? Mutanen da suka ce kana da aljani za ka mutu dominsu?"

Ya ce, "Su wa? Ni 'ya'yanki nake gadi, Hajo."

Sai da na rantse zan riƙa hawa bangon kullum kafin in tafi makarantar da nake koyarwa sannan ya yarda aka sa shi a mota.

Kwana na uku a asibiti, da hantsi, na shigo masa da kunu. Idonsa a rufe, ya ce, "Ana ruwa a gida?"

Na ce, "Ko ɗigo, Kawu."

Ya laluba ya kama bakin zanena, ya matse, ruwa ya ɗiga. "Tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba. Tashi ki je ki duba."

Na ce ba zan bar shi ba. Ya ce to shi zai je, ya fara kiciniyar cire robar ƙarin ruwa daga hannunsa. Dole na ajiye kunun na hau acaɓa. Ina tsaye a kan bangon, laka har idon sawu, Sani ya kira ni.

Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar uwata, ban ga fitar ransa ba, ban ce masa ya yafe mini faɗan da na yi masa ba. Ina can ina duba abin da garin nan kaf ya kamata ya duba. Wannan ban yafe muku ba tukuna, kuma kada wanda ya turo mini hoton hannu ana addu'a a ƙarƙashin rubutun nan. Asabar da safe ina mafitar ruwa. Mai buhu ya zo ya ɗauke buhunsa, in ba haka ba ni ma ina da wuƙa, kuma ku ɗauko malamin da kuka ga dama.

Ya Allah, ga Kawu Tanko nan, bawanka ne mai taurin kai, amma bai taɓa cutar kowa ba. Ka yafe masa, ka yafe mini. Ka sauke shi inda ƙoramu ke gudana ba mai tsoronsu, ya zauna a bakinsu ya huta.